Allon da Ke Tsakanin Kujeru Biyu

Babanmu mai ɗinkin kujeru ne tun kafin a haife ni. Shagonsa na farko wata rumfar kwano ce a bayan garejin makanikai, inda direbobin tasi da na bas ke kawo masa kujerun da suka yage, ya ɓare tsohuwar leda, ya sake soso, ya ɗinke. Mun tashi da warin gam a jikin rigunansa, in za a yi wanki kuwa sai an zazzage guntayen soso daga aljihunsa. Dogo ne sosai, sai ya sunkuya yake shiga ƙofar falonmu, kuma ba shi da yawan magana. In ya ce maka "to", ya gama jawabi ke nan.

Mama ce ta ɗauke masa wannan nauyin. Tana da shagon kwanuka da tukwane a kasuwa, inda mutum zai shigo neman cokali ɗaya ya fita da tukunya da labarin unguwa uku. Baba yana kiranta Rediyo. Ita kuma takan ce ai dole a sami mai magana a gidan, in ba haka ba maƙwabta za su zaci mun tashi.

Ina ajin ƙarshe na sakandare wani direba da ke jigilar ma'aikatan kamfanin jirgin sama ya gaya wa Baba ana neman wanda zai riƙa kula da kujeru a makarantar da kamfanin ke horar da masu hidima a cikin jirgi. Baba ya je da jakar kayan aikinsa, aka miƙa masa wata kujera da ta farke, ya gyara, aka ce ya dawo gobe. Bai sake komawa rumfar kwano ba.

Makarantar tana kusa da filin jirgi. A cikin wani ƙaton zaure mai kama da sito aka gina rabin jirgi na gaba, girmansa daidai da na gaske, sai dai ba fiffike ba inji, an ɗora shi a kan ƙafafun ƙarfe. Ɓangaren manyan fasinjoji ne aka kwaikwaya. Kowace kujera tana cikin ɗan ɗakinta, da bango da ya kai ƙirjin mutum, da ƙofar da ake zugewa, da talabijin, da ɗan kabad na ajiye takalmi. In ka danna maɓalli kujerar takan miƙe ta zama gado. Ɗakunan jikin taga ɗai-ɗai ne. Na tsakiya kuwa bibbiyu ne a manne, da wani allo a tsakaninsu. In miji da mata ne, ko 'yan'uwa masu tafiya tare, sai su sauke allon, ɗaki biyu ya koma ɗaya. In baƙin juna ne, a ɗaga shi kowa ya ji da kansa. Can baya kuma akwai ɗan falo mai doguwar kujera lanƙwasasshiya da tebur a gabanta, inda wanda ya gaji da zaman kaɗaici zai fito ya sha shayi cikin mutane.

Ɗalibai ba sa raga wa kujera. Su zuge ƙofa da ƙarfi, su zubar da miya, su ja bel ɗin kujera har ɗinki ya saki. Aikin Baba ne ya bi baya yana gyarawa. Daga baya shugabar horon, wadda kowa ke kira Malama, ta lura da tsawonsa, ta ce duk gadon da ya ɗauki Baba Dogo zai ɗauki kowa. Sai ta fara sa shi ya zauna a matsayin fasinja, ɗalibai su yi masa hidima. Ta so ya riƙa yin fasinja mai tsirfa, wanda zai ce shayi ya huce ko matashi ya yi tauri, amma duk abin da aka kawo masa sai ya ce madalla. Da ta gaji, ta ba shi matsayin fasinja mai barci, don yara su koyi tafiya ba tare da sun tashi mutum ba. Da Mama ta ji haka ta yi dariya har da hawaye. Ta ce a duk faɗin garin mijinta kaɗai ne yake barci a jirgi kullum, ya farka ya tarar bai je ko'ina ba.

Shekaru suka tafi a haka. Na yi aure a unguwar da ke kusa da su, ƙanena ya sami aiki a wani gari mai nisa, auta ta shiga jami'a. Wata safiya Mama tana miƙa hannu za ta sauko wa wata mata da tukunya, sai kofin da ke ɗaya hannun ya suɓuce, ita ma ta bi shi ƙasa. Hawan jini ne. Ta farfaɗo a asibiti ɓarin jikinta na hagu ya shanye, bakinta ya karkace, magana tana fitowa da ƙyar kamar harshen ya yi mata nauyi.

Likitoci sun ce ƙafar za ta iya dawowa in ta dage da motsa jiki. Mama ba ta dage ba. Da muka dawo gida ta sa aka saki labulen ɗakinta, ta ce kada a ɗaga. Matan kasuwa suka yi ta zuwa dubiya, ita kuma ta juya fuskarta bango ta ce mu ce tana barci. Har ƙanwarta, uwa ɗaya uba ɗaya, sai da ta yi sawu tana komawa ba ta gan ta ba. Ba ciwon ne ya fi damunta ba. Ba ta son a ga bakinta, ba ta kuma son ta yi magana a ce mata "me kika ce?" Gidan ya yi tsit, har ana jin ƙarar firiji daga tsakar gida.

A lokacin ne na ga wani Baba da ban sani ba. Ya koyi dafa shayi yadda take so, ya koyi ɗaura mata ɗankwali, ko da yake kullum a karkace yake tsayawa. Kujerar keken marasa lafiya tana cin ta a baya, sai ya warware ta gaba ɗaya ya sa soso mai laushi, ya ɗinka wani ɗan matashi da zai tallafi hannun da ya mutu don kada ya riƙa zamewa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ya fara magana. In ya dawo aiki da yamma sai ya jawo kujera kusa da gadonta ya hau ba ta labarin makaranta: wane ya zubar da ruwa, wance ta kulle kanta a ɗaki ƙofa ta ƙi buɗuwa. Bai iya ba da labari ba, yakan fara daga ƙarshe ya manta tsakiya. Mama tana kwance ba ta tanka masa. Washegari ya sake.

Malama ta lura ya rame, ta tambaye shi, ya gaya mata. Ta yi masa jaje. Bayan wasu makonni ta kira shi ofishinta da wata magana. Akwai darasin da suke koya wa ɗalibai na taimakon fasinjan da ba ya iya tafiya, amma ɗalibi ne yake kwaikwayon marar lafiyar, ya saki hannu yana danne dariya, sauran su ɗaga shi kamar buhu. Ta ce ta daɗe tana son a sami mutumin gaske, wanda zai gaya musu inda yake masa ciwo. Ko Mama za ta yarda ta zo? Baba ya ce matar da ba ta yarda ƙanwarta ta gan ta ba, ina za ta zo cikin yara masu yawa? Malama ta ce ya dai gaya mata ɗakin yana da ƙofa, kuma ita ce za ta riƙe ikon buɗewa da rufewa.

Ina gidan ranar da ya kawo maganar. Bai yi lallashi ba, don bai iya ba.

"Ɗakin ƙarami ne," in ji shi. "In kin zuge ƙofa ba mai ganinki. Mutum ɗaya ne zai shigo, shi ma sai kin kira."

Mama ta ce wato yanzu kallo zai kai ta a yi.

"Shekara da shekaru kina yi wa jirgina dariya, ba ki taɓa ganinsa ba. Ki zo ki gani, sai dariyar ta yi dalili."

Ta juya fuskarta bango. Ni ma na ɗauka maganar ta mutu. Sai ga shi wata rana ina share ɗakinta ta nuna mini akwati ta ce in ciro mata atamfarta mai ruwan ganye in goge.

Motar kamfani ce ta zo ta ɗauke mu, ni da ita da Baba. Tun daga gida ta ja mayafi ta rufe bakinta. A zauren aka tura kekenta ta wata gangara har ƙofar jirgin, aka mayar da ita kan wani siririn keke da ke iya bin tsakanin kujeru. Ɗalibai biyu ne suka ɗaga ta zuwa kujerarta. An ba ta ɗaya daga cikin ɗakunan tsakiya, Baba ya shiga na gefenta, allon tsakani a ɗage. Tana zama ta nuna ƙofa, aka zuge. Ni aka ba ni kujerar jikin taga, na zauna ina kallon rufaffiyar ƙofa, zuciyata tana ce mini mun yi kuskure.

An daɗe kafin fitilar kira ta kama. Wata siririyar yarinya ta ɗauki tire ta ƙwanƙwasa ta shiga. Ta ajiye kofin shayi a ɗan teburin da ke hagu, kamar yadda aka koya mata, ta tsaya tana jira. Sai na ji muryar Mama, a hankali, kalma tana bin kalma da ƙyar.

"'Yata, wannan hannun ya yi ritaya. Kawo ta nan."

Dariya ta kuɓuce wa yarinyar kafin ta kama bakinta, ta tsorata ta fara ba da haƙuri. Sai Mama ita ma ta yi dariya. Rabona da jin wannan dariyar tun kafin asibiti. Na juya fuskata wajen taga, wadda ba komai a bayanta sai bangon sito, na goge idona.

Da yarinyar ta fita Mama ta hau binciken maɓallan da ke jikin kujera, don ita ba ta ganin abu ta ƙyale. Ta danna wani, kujera ta fara kwanciya da ita. Ta firgita ta kira Baba. Shi kuwa miƙewa kawai ya yi, kansa da kafaɗunsa suka bayyana ta saman allon, ya ce ta saki wannan ta danna na kusa da shi. Ta yi kuskure ta danna na gaba, sai allon ya sauka sumul, ga Baba tsaye a gefenta. Ya ce bari ya mayar mata. Ta ce ya bar shi, tun da ko an ɗaga ma leƙowa yake yi. Aka kawo abinci, ya jawo farantinta ya yayyanka mata nama ƙanana, ya tura mata. Da Malama ta ce yara su shimfiɗa gadajen biyu su haɗe su, sai na tashi na ce bari in je in ga falon baya.

A mota muna komawa Mama ta ce yaran suna da ladabi amma ba su san komai ba, kuma wanda ya riƙe ta ta hammata ya kusa cire mata kafaɗa. Baba ya ce to sai ta koma ta gaya masa. Ta ce ai dole.

Haka ta zama 'yar gida a makarantar. Duk sanda aka ɗauki sabon aji sai mota ta zo. Ta riƙa gaya musu abubuwan da ta tara a cikinta tun kwanciyarta: kada a tambayi mijinta me za ta ci alhali ga ta zaune; kada a ɗaga mata murya, ƙafa ce ta mutu ba kunne ba; in ba a gane abin da ta ce ba a sake tambaya, kada a gyaɗa kai a kawo mata abin da ba ta nema ba. Wani lokaci takan yi faɗa sosai, har Malama ta ce ga fasinja mai tsirfar da ta daɗe tana nema, ashe a gidan Baba Dogo take. Ƙofar ɗakin da farko rufe take, daga baya a bar ta rabi, daga baya kowa ya manta da ita.

Falon baya ne ya tayar da ita tsaye. Lokacin hutu ɗalibai sukan taru a kan doguwar kujerar nan suna hira suna shewa, Mama tana jiyo su daga ɗakinta. Duk wanda ya san ta ya san ba za ta iya jure a yi hira a kusa da ita babu ita ba. Ta ce a kai ta. Aka kawo siririn keken, ta ce ba ta son shiga cikin yara a ɗaure kamar kaya. Ta kama bangon ɗakin da hannun dama, Baba ya tallafe ta ta hagu, ta ja ƙafa kaɗan, gumi ya karyo mata, ta koma ta zauna.

Washegari Baba ya dawo da dogon bututun ƙarfe, ya kafa shi a jikin bangon barandarmu daidai tsayin bangon ɗakunan jirgi. Bai ce mata don me ba, ita ma ba ta tambaya ba. Da safe muka ji ta tana jan ƙafa daga ƙofar ɗaki zuwa kicin tana mita. Motsa jikin da likita ya yi ta roƙo ta ƙi, ga shi tana yi da kanta. Ta faɗi sau da dama, ta yi kuka, ta zagi ƙafar, ta sake kama ƙarfen.

Ba na nan ranar da ta kai falon da ƙafarta, auta ce ta raka su. Ita ta ba ni labari cewa yara sun matsa mata ta zauna a tsakiya, mayafin ya zame daga bakinta ba ta ko kula ba. Kafin a koma aji ta san wace ce za ta yi aure, ta kuma gaya mata irin tukwanen da za ta saya da waɗanda kyan gani kawai gare su. Wani saurayi cikin ɗaliban ya jira kowa ya tashi, ya durƙusa kusa da ita ya ce mahaifinsa ma irin ciwonta ne ya kwantar da shi, kuma in ya je gaishe shi ba ya sanin abin da zai ce. Mama ta ce masa:

"Ka daina tambayarsa ya jiki. Ya gaji da ya jiki. Ka zauna ka ba shi labarin banza, ko bai amsa ba yana ji."

Auta ta ce Baba yana gefe yana duba ɗinkin wata kujera da ba abin da ya same ta.

Hannun bai dawo ba har yau. Ƙafar ta dawo daidai gwargwado, tana tafiya da sanda. Maganarta tana da nauyi, amma wanda ya saba yana ganewa, wanda bai saba ba kuma za ta maimaita masa har sai ya saba. Ta aika aka kira ƙanwarta, suka yi kuka suka yi faɗa suka shirya. Ta koma shago da safe, matar maƙwabcinmu tana sauko mata da kaya, ita tana ciniki daga kan kujera.

Na je gidan Malama takanas don in yi mata godiya. Ta ce ba ita ta yi ba, ita dai ɗalibai take nema wa malami. Da na matsa, sai ta ce mahaifiyarta ma haka ta rufe kanta a ɗaki bayan irin wannan ciwon, su kuma suka bar ta don suna ganin biyayya ce, har ta rasu ba ta sake fitowa ba. Ta zuba mini lemo, muka koma hirar yara.

Da idon Baba ya fara kasa ganin kafar allura sai ya ajiye aiki. Kamfanin ya yi masa kyautar tafiya a jirgi na gaske, shi da iyalinsa, zuwa garin da ƙanena yake, daidai lokacin da matarsa ta haihu. A nan muka gano abin da ya ɓoye mana duk tsawon shekarun nan: Baba yana tsoron jirgi. Ya kawo uzuri iri-iri, ya ce gwiwarsa, ya ce wa zai kula da gida. Mama ta ce ita dai za ta ga jikanta, in ya ga dama ya zauna ya yi gadi.

Ya bi mu. Ƙaramin jirgi ne, ba ɗakuna ba ƙofofi, kujeru a jere kafaɗa tana gugar kafaɗa. Gwiwoyinsa suka tokare kujerar gaba. Da jirgi ya fara gudu ya runtse ido ya damƙe hannun Mama na dama, har ta ce ya sassauta, shi kaɗai ya rage mata. Ita kuwa kafin a kawo ruwa ta san sunan 'ya'yan matar da ke zaune a ɗaya gefen. Da muka sauka ƙanena ya tambaye shi yadda ya ga sama, ya ce bai duba ba.

Mun yi mako muna ɗaukar jariri. Ranar komawa Baba ya ce shi ya gode wa kamfani, Allah ya saka musu da alheri, amma mota zai bi. Ba yadda ba mu yi ba. Ƙanena ya kai shi tasha da sassafe, ni da Mama muka hau jirgi, kafin azahar muna gida. Ta sa na ɗora masa abinci, ta sa na fito mata da kujera bakin ƙofa. Na ce ta shiga ciki ta huta, ai sai yamma zai iso. Ta ce ta sani. Ta jingine sandarta a bango ta zauna tana kallon titi, duk wanda ya wuce ta tsayar da shi ta gaya masa jikan nata yana da dogayen ƙafafu.